Daga Dutsen Abetifi Zuwa Tsibirin Mahe, Nisa Nawa Ne?

Ƙanena malamin makaranta ne a Abetifi, can bisa dutsen Kwahu a Gana. Da ya sauko Kumasi hutu, muna zaune a majalisarmu ta Aboabo bayan la'asar ana zagayawa da kofunan ataya, sai jirgin Akra ya taso daga filin da ke maƙwabtaka da mu, ya ratsa ta kan kwanon gidaje, kowa ya dakata da magana har ƙarar ta lafa. Wannan ne ya tuna masa wata tambaya da aka yi masa a aji. Yana ba yara tarihin yadda Turawan Ingila suka kama Asantehene Prempeh na Ɗaya, wato sarkin Asante, suka kai shi tsibiran Seshel, sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, daga nan zuwa can nisa nawa ne?" Ya zaro waya, ya buga sunan Abetifi da na Mahe, tsibirin da babban birnin ƙasar yake, nan take amsa ta fito: kimanin kilomita 6,360, tafiyar awa bakwai da rabi a jirgin sama. Ya rubuta a allo, yara suka kwafa.

Kawunmu, wanda ya yi shekara talatin yana jan babbar mota tsakanin Kumasi da Bawku, ya ajiye kofinsa. "Kai ɗana, wane jirgi ne ke tashi a Abetifi? Ko masu tsalle da lema lokacin Ista kake nufi?" Aka kwashe da dariya. Ƙanena ya ce, "Kawu, lissafi ne fa." Kawu ya ce wanda ya yi lissafin bai taɓa ɗaure jakar tafiya ba.

Na koma gida da maganar a raina, na zauna na sake lissafa lambar da kaina, ta fito daidai. Wayar ba ta yi ƙarya ba. Sai dai Kawu ma yana da gaskiya, kuma tasa gaskiyar ta fi amfani ga wanda zai sayi tikiti.

Ga yadda ake samo lambar. Kowane wuri a doron ƙasa yana da adireshi mai lamba biyu: yadda ya nisanci layin Ikweta ta arewa ko ta kudu, da yadda ya nisanci layin Girinic ta gabas ko ta yamma. Mu a Gana layin na biyu ba baƙonmu ba ne, ta Tema ya ratsa kafin ya faɗa teku. Abetifi tana digiri 6 da kashi biyu cikin uku arewa da Ikweta, ba ta kai digiri ɗaya ba yamma da layin Tema. Mahe tana digiri 4 da rabi da ɗan ɗori kudu da Ikweta, digiri 55 da rabi gabas. Idan aka haɗa waɗannan, aka ƙaddara mutum yana tsaye a tsakiyar cikin duniya ya nuna Abetifi da hannu ɗaya, Mahe da ɗayan, buɗewar da ke tsakanin hannayensa digiri 57 ce da ɗan ɗori. Kowane digiri ɗaya a bayan ƙasa kimanin kilomita 111 ne. Ninka su, ka sami lambar da ke allon ƙanena. Babu titi a cikin wannan lissafi, babu tasha, babu kan iyaka, babu jami'in shige da fice.

Wanda lissafin digiri bai shige shi ba, ya kife ƙwarya a ƙasa, ya ɗiga alli wuri biyu a bayanta, ya ɗauko zare ya danne shi a ɗigo ɗaya ya ja shi tam zuwa ɗayan. Inda zaren ya kwanta, nan ce hanya mafi gajarta. Zaren Abetifi zuwa Mahe zai bi ta Togo, ya bi ta kan teku daura da Legas, ya shiga kudu maso gabashin Najeriya, ya wuce arewa kaɗan da Yawunde, ya keta dajin Kwango, ya tsallake Ikweta a Yuganda wajen tabkin Biktoriya, ya bi ta gefen Nairobi, sannan ya faɗa tekun Indiya. Kashi ɗaya cikin shida na zagayen duniya ke nan, saura kaɗan.

Da yake tafiyar duk a kusa da Ikweta take, taswirar bango ba ta yaudarar mutum sosai a nan: ka ɗora rula daga Gana zuwa Seshel, kusan hanyar ke nan. Yaudarar takan fito ne idan aka hau arewa. Taswirar da muka saba gani a aji ta samo asali daga wadda Mercator ya zana a 1569 domin matuƙan jiragen ruwa, kuma takan kumbura ƙasashen da ke nesa da Ikweta, har Girinlan ta yi kamar ta kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka ta kusan sau goma sha huɗu. Musulmi ya fi kowa sanin wannan matsala ko da bai san sunanta ba, domin alƙibla da wannan zaren ake fitar da ita. A Kumasi muna fuskantar gabas mu ɗan karkata arewa, digiri 65 daga arewa, kuma ido ya yarda da haka. 'Yan'uwanmu da ke Bronx a birnin Niyu Yok kuwa, a taswirar bango Makka tana gabas maso kudu da su, amma masallatansu arewa maso gabas suke kallo. Baƙon da ya je daga Zango yakan ɗauka liman ya ɓata hanya. Ya gwada zare a bayan ƙwarya, zai ga liman ne daidai.

Wani a majalisar ya tambaya ko tsayin dutsen ba ya ƙara nisa. Abetifi tana da tsayin mita 633 daga saman teku, abin da mutanen garin ke alfahari da shi, ko da yake mutanen Amedzofe a yankin Volta ba sa sakar musu wannan kambu cikin sauƙi. A lissafin nisa wannan tsayi ko ƙwayar gero a buhu bai kai ba. Daga bayan ƙasa zuwa tsakiyarta kilomita 6,371 ne, kusan daidai da nisan Abetifi zuwa Mahe, dacewar da ta ba ni dariya da na lura da ita. Saboda wannan dacewar lissafin ya zo da sauƙi: jirgin da ke tafiya a tsayin kilomita 11 yana ƙara wa tafiyar kilomita 11 ne kacal a kan ta wanda ya bi ƙasa. Dutse dai ya taɓa yin rana a wannan ilimi. Shekara dubu da suka wuce, al-Biruni ya hau wani dutse a Nandana, cikin Pakistan ta yau, ya auna tsayinsa, ya auna yadda bakin sama ya sunkuya daga ƙolinsa, daga nan ya fitar da girman duniya, kuma bai yi nisa da lambar da muke amfani da ita yanzu ba.

Awa bakwai da rabin ita ma rabawa ce kawai: an ɗauki kilomita 6,360 an raba da gudun jirgin fasinja, wajen kilomita 850 a awa. An ƙaddara jirgin ya tashi daga harabar makarantar ƙanena yana cikakken gudu, ya sauka a Mahe bai rage ba, iska kuma ta tsaya cak tana kallonsa. Iska ba ta tsayawa. A can arewa akwai wata mai ƙarfi da ke kadawa daga yamma zuwa gabas a tsayin da jirage ke bi, shi ya sa zuwa Niyu Yok daga Akra ya fi dawowa daɗewa da wajen awa guda, alhali nisan ɗaya ne. A samanmu kuma, da damina, akwai wadda ke tasowa daga gabas ta yo yamma, mai zuwa Habasha ko Kenya da ita zai yi gaba da gaba.

Yanzu sai tafiyar Kawu, wadda ake ɗaure wa jaka. Mutum zai tashi da asuba a Abetifi, hazo ya rufe gari, sanyi na ratsa riga. Mota za ta bi ta Mpraeso da Atibie, inda ake bikin tashi da lema tun 2005, ta gangaro kwanar dutsen nan mai murɗe-murɗe, direba na taka birki har ka ji ƙaurinsa, ga rufin gidajen Nkawkaw can ƙasa kamar an watsa kwalaben madara. A Nkawkaw sai a jira mota ta cika. Daga nan a hau babban titin Kumasi zuwa Akra, a bi bayan tirelolin da suka nufi Tema, a shiga cunkoson Nsawam da na bakin Akra. Kilomita ɗari da saba'in ne ko kusa da haka, bai kai kashi uku cikin ɗari na dukan tafiyar ba, amma zai ci awa huɗu idan hanya ta yi kyau. A cikin awa huɗun nan jirgi ya riga ya wuce rabin hanyar Mahe. Wanda kuma ya ce zai zo Kumasi ya hau jirgi, ya sani yamma ya yi, ya ƙara wa kansa nisa da kusan kilomita ɗari, kuma jirgin Akra zai mai da shi.

A Akra ne lambar allo take rushewa gaba ɗaya, domin babu jirgin fasinja da ke bin zaren nan kai tsaye. Dole a yada zango a wani wuri, kuma zangon da ka zaɓa shi ke yanke maka nisa. Ta Nairobi, Akra zuwa can kimanin kilomita 4,200, daga can zuwa Mahe 2,100, jimla 6,300: kusan ba a kauce wa zaren ba ko kaɗan. Ta Adis Ababa, 4,300 da 2,400, jimla 6,700, ƙarin ɗari huɗu. Ta Dubai kuwa abin ban mamaki ne. Nisan Akra zuwa Dubai kimanin kilomita 6,290 ne, daidai da nisan Akra zuwa Mahe kanta. Dubai tana arewa sak da Mahe, kusan a kan layi ɗaya suke. Wato bayan ka shafe wajen awa takwas a sama, ka ci nisan da ya isa ya kai ka inda za ka, sai ka sauka ka tarar da saura kilomita 3,300 a gabanka, ka juya kudu. Jimla 9,600, an ƙara rabin tafiya a kan tafiya. Kuma mutane na bin wannan hanya da saninsu, wani lokaci don tikitinta ya fi sauƙi, wani lokaci don jiragenta sun fi yawa, jira bai kai na sauran tsawo ba.

Da gangan na ce zango. Kakanninmu fatake da suka yi safarar goro tsakanin Kano da Salaga ba su taɓa auna hanya da mil ba. A miƙe nisan bai wuce kilomita dubu da 'yan kai ba, amma ayari kan yi watanni, kuma idan ka tambayi madugu nisa, da kwana da zango zai ba ka amsa. Ya san inda rijiya take, inda sarki ke karɓar kuɗin hanya da sauƙi, inda fiton kogi yake, inda 'yan fashi suka tare bana. Hanya takan lanƙwasa ta bi waɗannan abubuwa, kuma garin da ayari ya saba sauka yakan yi arziki ko da ba a kan miƙaƙƙen layi yake ba. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, 'yan kasuwa suka watsu zuwa Kete Krachi da wasu garuruwa, hanyoyi suka sauya. Unguwannin da muke zaune a ciki yau sunansu daga wannan al'ada ya fito. Don haka Bazange bai kamata ya yi mamakin Dubai ba. Masu ita sun gina zango ne mai ruwa da kasuwa da masauki, ayarin sama ya karkato.

Dalilin rashin jirgi kai tsaye ba na inji ba ne. Jiragen da ke sauka a Akra kullum suna iya cin kilomita 6,300 ba tare da tsayawa ba. Matsalar fasinja ce. Mutanen Seshel gaba ɗaya ba su wuce dubu ɗari da 'yan kai ba, ita ce ƙasa mafi ƙarancin jama'a a Afirka, ko rabin wasu unguwannin Kumasi da kewaye ba ta cika ba idan aka haɗa su. Wa zai cika kujera ɗari biyu daga Akra zuwa can kowane mako? Kamfanin jirgi yana yin abin da ɗan kamasho ke yi a tasha: ba a tayar da mota don mutum uku, sai a tara na Akra da na Legas da na Abijan da na Dakar a wuri ɗaya, a zuba su a jirgi guda. Wanda ke da babbar tasha shi ke cin wannan kasuwa, kuma mu ba mu da ita. Ghana Airways ta durƙushe a tsakiyar shekarun 2000, wadda ta gaje ta ta daina tashi a 2010. Habasha kuwa ta riƙe kamfaninta tun 1945 tana renonsa, har Adis Ababa ta zama mahaɗar nahiya.

Akwai kuma takarda. Bisa yarjejeniyar Shikago ta 1944, sararin saman kowace ƙasa mallakinta ne, jirgin wata ƙasa ba ya ratsawa, ba ya sauka, ba ya ɗaukar fasinja sai da izini, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan izininsa daban. Ƙasashen Afirka sun amince a Yamusukuro a 1999 cewa za su buɗe wa juna sama, aka sake ƙaddamar da kasuwar jiragen sama ta bai ɗaya a Adis Ababa a Janairun 2018, Gana na cikin waɗanda suka sa hannu. A aikace har yanzu ƙasashe da yawa suna ƙanƙame da kasuwarsu, ga haraji da kuɗin sauka masu nauyi da ake ɗora wa tikiti. A ganina wannan ya fi komai tsawaita tafiya a nahiyar nan, ya fi teku, ya fi hamada. Abin kunya ne a ce ɗan Afirka ta Yamma ya fita daga nahiyar tukuna kafin ya isa wata ƙasar Afirka, amma mun saba har mun daina jin nauyinsa.

Wani lokacin ma sama kan rufe kamar yadda ake sa shinge a hanya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samanta, kuma zaren Akra zuwa Dubai ta kan Chadi da Sudan yake bi. A watan Agustan shekarar sojojin Nijar suka rufe nasu na kusan wata guda, jiragen da ke tsakanin Turai da gaɓar tekunmu suka koma zagaye, wasu da ƙarin awa ɗaya ko fiye. Babu ko ɗaya daga cikin wannan da ya taɓa lambar da ke waya. Ta ci gaba da cewa 6,360.

Na ce tsayin dutse ba ya ƙara nisa, amma akwai inda yake shiga maganar ta bayan gida. Filin jirgin Bole na Adis Ababa yana sama da mita 2,300 daga saman teku, na Nairobi sama da mita 1,600. A irin wannan tsayi iska ba ta da kauri, fiffike ba ya samun abin dafawa sosai, inji ma ƙarfinsa na raguwa, musamman da rana tsaka idan zafi ya ƙara sirantar da iskar. Jirgi sai ya yi dogon gudu a ƙasa kafin ya ɗaga, wani lokaci kuma sai an rage masa kaya. Wanda ya taɓa tashi daga Adis ya san yadda jirgi ke ta gudu a titi har ka fara salati kana tunanin ba zai tashi ba. Ashe garin dutsen da ya fi shafar wannan tafiya ba Abetifi ba ne, zangon da ke tsakiya ne.

Tsibiri shi ma yana da nasa sharaɗin. Tsakanin Mombasa da Mahe ruwa ne zalla na sama da kilomita 1,700. Matuƙin da ya nufi Kumasi ya tarar da hadari yana iya juyawa Akra cikin minti arba'in. Wanda ya nufi tsibiri mai babban filin sauka guda ɗaya ba shi da wannan gata, saboda haka dokokin tashi suka tanadi ƙarin man da zai ɗauka, ko dai wanda zai kai shi wani filin mai nisa, ko wanda zai riƙe shi a sama awa biyu yana jira. Jirage masu inji biyu kuma a da ba a barinsu su nisanci filin sauka fiye da tafiyar minti 60, sai daga 1985 aka fara sassautawa ga waɗanda suka cika sharuɗɗa, zuwa minti 120, daga baya 180. Filin jirgin Mahe kansa sabo ne a tarihi, a 1972 aka buɗe shi, shekara huɗu kafin ƙasar ta sami 'yancin kai. Kafin nan kusan duk mai zuwa sai ta jirgin ruwa. Seshel ba ta neman biza, amma sai ka cike takardar izinin tafiya ta intanet kafin ka taso, ka nuna tikitin komawa da masauki, kuma mai tasowa daga Gana kada ya manta katin allurar shawara.

Idan aka tara duka, awa huɗu a mota, awa uku a filin jirgin Akra, wajen awa shida zuwa Nairobi ko Adis, jira, sannan awa uku zuwa huɗu a kan teku, an haura awa goma sha shida tun ba a sa jiran a lissafi ba. Jiran kuwa yana iya zama awa biyu, yana iya zama kwana, domin wasu kamfanonin ba kullum suke zuwa tsibirin ba. Agogo kuma zai ci maka awa huɗu, Seshel tana gabanmu da haka. Mai azumi da ya nufi gabas zai ga rana ta faɗi da wuri, mai dawowa kuma ya sha doguwar yini. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun yanke nisan ƙasaru a buridi huɗu, mil arba'in da takwas, kuma suka kwatanta shi da tafiyar yini biyu ta raƙuma masu kaya. Su ma da suka ba da lamba sai da suka haɗa ta da ƙafar matafiyi.

Sai mu koma ga mutumin da ya jawo tambayar. Turawa sun kama Prempeh a Kumasi a Janairun 1896, kuma a cikin rundunar da ta shigo akwai sojojin da suke kira Hausa, sunan da suke liƙa wa kusan duk sojan da ya fito daga arewa yana jin harshen. Wannan ɓangare ne na tarihinmu a garin nan da ba mu cika son tattaunawa a majalisa ba. Da farko a gidan kurkukun Elmina aka ajiye shi, aka ga ya yi kusa da mutanensa. Aka mai da shi Firitawun a Saliyo, kimanin kilomita 1,300 daga Kumasi. Da Gwamna Hodgson ya zo a 1900 yana neman a kawo masa Kujerar Zinariya, alamar sarautar Asante, ya hau, Yaa Asantewaa ta Ejisu ta jagoranci yaƙi, sai Saliyo ma ta zama kusa, domin jiragen ruwa na kai da kawo a gaɓar, saƙo na iya zuwa ya dawo. A shekarar aka kwashe shi da iyalansa da sarakunansa zuwa Mahe. Ita ma Yaa Asantewaa can aka kai ta bayan an kama ta, can ta rasu a 1921. Ba su kaɗai ba ne: Kabalega na Bunyoro da Mwanga na Buganda ma can Turawa suka jibge su.

Waɗanda suka zaɓi tsibirin sun fahimci abin da Kawu ke faɗa sarai. Abin da suke nema wuri ne da babu hanyar da ta haɗa shi da Asante. Nahiya guda ce kwance a tsakani, jirgin ruwa sai ya zagaye ta, ko ta ƙasan Afirka ta Kudu ko ta mashigin Suwez, kowacce sama da kilomita dubu goma, kuma da yawa daga cikin manyan tashoshin da ke hanyar a hannun Ingila suke. Da aka yarda ya koma gida bayan shekara 24 a tsibirin, ya bar Mahe a Satumban 1924, jirgi ya yi gabas da shi zuwa Bombai a Indiya, daga can aka sauya wani zuwa Libaful a Ingila, daga can wani ya kawo shi Sekondi a watan Nuwamba, jirgin ƙasa ya ƙaraso da shi Kumasi. Wata biyu, nahiya uku, domin a lokacin zangunan duniya Bombai da Libaful ne. A 1926 aka amince da shi a matsayin Kumasihene, wato sarkin Kumasi, ya rasu a 1931.

A watan Mayun 2024 aka buɗe sabon ginin filin jirgin Kumasi, aka sa masa sunan Prempeh na Ɗaya. Shi ne wanda jiragensa ke katse mana hira a Aboabo. Washegarin hirarmu ta majalisa na nuna wa ƙanena lissafin hanyoyin uku a bayan wata takardar rasit, ya karɓa ya ninke ya sa a aljihu, ya ce idan aka koma makaranta zai goge allon ya rubuta lamba huɗu maimakon ɗaya, ya bar yaran su yi gardama a kai. Ya kuma roƙi Inna ta ara masa ƙwaryar furarta. Ta ce ya sayi tasa a kasuwar Kejetia.